Yadda Ake Shirya Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Yara a Unguwannin Zariya

Duk wanda ya zaga Zariya bayan sallar La'asar, daga Kwarbai zuwa Tudun Wada, daga Gyallesu zuwa Muciya da Samaru, zai tarar da wuya a sami filin firamare ko wani sarari da babu yara suna buga ƙwallo a cikinsa. Yaran akwai su, sha'awar ma akwai ta, abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari. Gasa nawa aka fara da ɗoki, aka buga fosta, aka gayyato manyan baƙi, amma kafin a kai wasan kusa da na ƙarshe an watse baram-baram a kan shekarun wani ɗan wasa, ko a kan kuɗin da ba a san inda suka shige ba? Wannan bayani na masu aikin sa kai ne da ke son kafa gasar yara 'yan ƙasa da shekara 13 ko 15 a unguwarsu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kusan duk matsin da ke kan yaro ɗan ƙwallo daga wajen manya yake zuwa, kuma ba a iya kare shi daga wannan matsi sai da ƙa'idojin da aka rubuta, aka sa musu hannu, tun kafin a hura usur na farko.

Mataki na farko shi ne kafa kwamiti, kuma kada ya wuce mutum biyar zuwa bakwai, domin taron da ya yi yawa ba ya yanke shawara. Ana buƙatar shugaba, da sakatare, da ma'aji, da mai kula da jadawali da filaye, da kuma wani mutum guda wanda aikinsa kawai shi ne lafiya da walwalar yara. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ne wanda yaro zai kai wa kuka idan koci ya doke shi ko wani babba ya takura masa. Yana da kyau a sami mace a cikin kwamitin, malamar makaranta ko ma'aikaciyar lafiya, saboda iyaye mata su ne suka fi sanin halin da yaro yake ciki, kuma ba kowane namiji ne zai shiga cikin gida ya yi magana da su ba. Sharaɗi guda da ba a sassautawa: wanda yake da ƙungiya a cikin gasar ba ya zama a zaman da za a yanke hukunci a kan ƙungiyarsa. Game da samun masu taimakawa kuwa, Zariya gari ne na makarantu. Akwai malaman motsa jiki na sakandare, da ɗaliban da ke karanta wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan agajin Red Cross da na ƙungiyoyin addini waɗanda suka iya taimakon gaggawa. A gaya wa kowa gaskiya cewa babu albashi, a kuma faɗa masa yawan ranakun da ake buƙatarsa, domin mai aikin sa kai da aka ɓoye wa nauyin aiki a mako na uku yake ɓacewa.

Mataki na biyu neman izini ne. A fara da mai unguwa, a je masa da takarda a hannu, a gaishe shi yadda ya dace, a ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman albarka da izini a kan wasan yaranku." Shi zai nuna ko akwai buƙatar a kai maganar gaban hakimi. Idan filin makarantar gwamnati za a yi amfani da shi, a rubuta wa shugaban makarantar, a kuma aika kwafi ga hukumar ilimi ta ƙaramar hukumar da filin yake ciki, Zariya ko Sabon Gari. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da 'yan sintirin unguwa ranakun wasa. Sannan a tuntuɓi wakilan hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kaduna domin samun alƙalan wasa masu horo da kuma yi wa ƙungiyoyi rajista. Kada a tsallake malaman Islamiyya da limamin unguwa. Idan suka ji labarin gasar daga bakin yaron da ya yi fashin karatu, an riga an yi asarar goyon bayansu, da na iyaye da yawa tare da su.

Mataki na uku, wanda shi ne ƙashin bayan aikin duka, shi ne tantance shekaru. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin rage shekaru bai taɓa rabuwa da ƙwallon matasanmu ba. A gasar 2009 da aka yi a nan ƙasar, wadda Kaduna tana cikin biranen da suka karɓi baƙuncinta, hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI don gano waɗanda suka wuce shekaru, kuma a 2016 'yan wasa 26 na tawagar Nijeriya suka faɗi wannan gwaji. Wannan ɗabi'a ba a sansanin tawagar ƙasa take farawa ba. A filin unguwa take farawa, ranar da koci ya kira yaro gefe ya ce masa, "Idan an tambaye ka, ka ce shekararka goma sha biyu." Daga ranar an koya wa yaron cewa ƙarya tana cikin wasa, an kuma ɗora masa fargabar a kama shi, sannan an jefa ƙananan yara cikin haɗarin karo da wanda ya fi su ƙashi da nauyi.

Gasar unguwa ba ta da kuɗin na'ura, amma tana da abin da ya fi na'ura sauƙi, wato mutanen da suka san yaron tun ranar sunansa. Ga yadda ake yi. A tsayar da rana guda ta yanke shekaru, a rubuta ta ƙarara. Misali, idan gasar 'yan ƙasa da 13 ce a shekarar 2026, sai a ce duk wanda aka haifa kafin 1 ga Janairu 2013 ba zai shiga ba. Kowane yaro ya kawo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko katin rigakafinsa na asibiti, da takarda daga makarantarsa mai nuna ajin da yake, da hoto guda biyu, da sa hannun uba ko waliyyi. Takardar rantsuwar kotu ita kaɗai ba ta isa ba, domin kowa ya san yadda ake samunta. Almajiri ko yaron da ba shi da takarda kada a kore shi, a karɓi shaidar malaminsa da ta mai unguwa a rubuce. Daga nan sai a sa ranar tantancewa, a tara dukkan ƙungiyoyi a fili guda, a kira yara ɗaya bayan ɗaya a gaban kociyoyin sauran ƙungiyoyi, duk mai ƙorafi ya faɗa a ranar. Wanda ya tsallake a ba shi kati mai hotonsa da hatimin kwamiti, a rufe katin da leda, sakatare ya riƙe kwafi a cikin littafin rajista. Bayan wannan rana an rufe ƙofa, babu ƙarin suna, babu sojan haya da za a ɗauko daga Kaduna ko Funtuwa ranar wasan ƙarshe. Idan daga baya aka kama maguɗi, hukuncin ya hau kan koci da ƙungiya ta hanyar zare maki da dakatarwa, ba a tsayar da yaro a tsakiyar fili ana yi masa ihu ba, domin ba shi ya ƙirƙiro ƙaryar ba.

Mataki na huɗu tsara jadawali ne. Ina ba da shawarar tsarin lig, inda kowa zai kara da kowa, maimakon tsarin sili ɗaya ƙwale. A tsarin sili ɗaya ƙwale rabin yaran sun gama gasa a ranar farko, kuma yaron da ya ɓarar da fenariti zai ɗauki laifin fitar da unguwa guda a kansa. Ƙungiyoyi 8 sun isa a shekarar farko: wasanni 28 ke nan, a zagaye 7, kowane zagaye wasa 4. Hanyar fitar da jadawalin mai sauƙi ce. A ba ƙungiyoyi lamba 1 zuwa 8 ta hanyar ƙuri'a, a jera huɗu a sama, huɗu a ƙasa suna fuskantar juna, a bar lamba 1 a wurinta, sauran bakwai ɗin su riƙa matsawa gurbi ɗaya a kowane zagaye. Nasara maki 3, canjaras maki 1.

Lokaci kuwa sai an dube shi da idon mutumin Zariya. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 35, a watan Agusta ruwa yakan mayar da filaye taɓo, sannan daga Mayu zuwa Yuli lokacin jarrabawar WAEC da NECO ne, makarantu ba sa son hayaniya a harabarsu. Mafi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa farkon Disamba, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin ƙurar hunturu ta yi tsanani. A guji watan azumi gaba ɗaya. Yawancin makarantun allo da Islamiyyu suna hutu ranakun Alhamis da Juma'a, don haka yammacin waɗannan ranaku ya fi dacewa da wasa fiye da Asabar da Lahadi, sai dai a tambayi makarantun kowace unguwa, a kuma lura da yaran da ke zuwa coci ranar Lahadi, musamman a Wusasa da Sabon Gari da Samaru. A fara wasa da zarar an idar da La'asar, a tashi da sauran haske yadda kowane yaro zai isa gida kafin Magariba. Wasa ɗaya a mako ya ishi yaro, da atisaye sau biyu, da aƙalla kwana biyu na cikakken hutu.

Mataki na biyar fili da kayan wasa. 'Yan ƙasa da 13 su buga tara-tara a ƙaramin fili da ƙwallo mai lamba 4, minti 25 ko 30 kowane rabi. 'Yan ƙasa da 15 su buga sha ɗaya-sha ɗaya da ƙwallo mai lamba 5, minti 35 kowane rabi. Kafin kowane wasa, mutum huɗu su jeru da bokiti a hannu, su taka filin daga wannan raga zuwa waccan suna tsince fasassun kwalabe da ƙusoshi da duwatsu, a cike ramuka da ƙasa, a shata layi da toka ko farar ƙasa. Turakun raga a binne su sosai ko a ɗaure su, domin raga ta ƙarfe da ba a kafe ba tana iya faɗowa kan yaron da ya yi lilo da ita. A kan takalmi, a yanke ƙa'ida guda ga kowa: ko duka da but, ko duka da kambas. Mai but ba ya karawa da mai ƙafa tsirara.

Mataki na shida kuɗi ne, kuma nan ne amana take karyewa. A rubuta kasafi tun farko: ƙwallaye, kuɗin motar alƙalan wasa, ruwan sha, akwatin magani, katunan rajista, kofi da lambobin yabo. Kuɗin rajista ya hau kan ƙungiya, ya kuma zama kaɗan, kada a bar koci ya riƙa karɓar kuɗi a hannun yara a matsayin sharaɗin sa su a wasa. Duk abin da ya shigo a ba da rasit, duk abin da zai fita sai da sa hannun mutum biyu. Idan ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya ba da gudummawa a karɓa da godiya, amma a gaya masa cikin ladabi cewa ba shi da ta cewa a kan jadawali ko alƙalanci, kuma ba za a sa wa yara rigar kamfe ba. Ra'ayina shi ne kada a sa kyautar tsabar kuɗi mai yawa. Duk inda aka ce zakara zai tafi da maƙudan kuɗi, a nan ake samun rage shekaru da sayen alƙali da dukan yara. Kofi da jesi da ƙwallaye da littattafan rubutu sun wadatar.

Mataki na bakwai shi ne rubuta dokokin ranar wasa, waɗanda su ne suke sauke wa yaro nauyi kai tsaye. Dokar farko: duk yaron da aka rubuta sunansa a takardar wasa sai ya buga aƙalla sulusin lokaci, kuma a yarda wanda aka canja ya sake dawowa. Wanda ya taɓa lura da yaron da ke zaune a benci mako bayan mako, yana kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa, yana kallon koci duk lokacin da ya waiwayo, ya san dalilin wannan doka. Ta biyu: babu duka, babu zagi, babu tsallen kwaɗo a matsayin horo saboda an yi rashin nasara. Kocin da ya ɗaga hannu a kan yaro a dakatar da shi, ko da ƙungiyarsa ce a saman tebur. Ta uku: a ja igiya tsakanin 'yan kallo da layin fili, tazarar taku uku ko huɗu, kuma kowace ƙungiya ita ke da alhakin magoya bayanta. Idan suka kutsa fili ko suka taɓa alƙali, ƙungiyar ta rasa makin wasan. Ta huɗu: an haramta caca a kan wasan yara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin saurayin da ya sa kuɗinsa a kan wasa shi ne zai tare golan da aka zura wa ƙwallo a hanyar gida. Ta biyar: babban mutum ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai a ɗaki, ba a kwana da yara a gidan koci da sunan sansani, kuma duk tafiya wajen unguwa sai da sanin iyaye da rakiyar manya biyu.

Iyaye ma a tara su sau ɗaya kafin a fara. Akwai uban da ke hana ɗansa wasa kwata-kwata, akwai kuma wanda ya riga ya ɗora wa yaro ɗan shekara 12 nauyin fitar da gidan daga talauci. Na biyun ya fi wahalar sha'ani, domin da ƙauna yake yi. A roƙe shi cewa idan yaro ya dawo gida, tambayar farko ta zama ko ya ci abinci, ko ya ji daɗin wasan, ba ƙwallo nawa ya ci ba.

Mataki na takwas lafiya. A takardar rajista a tambayi iyaye ko yaro yana da asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, da kuma rukunin jininsa, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon cutar sikila amma ba ya fama da ita. Mai AS yana wasansa lafiya, sai dai a kula da shan ruwansa da hutunsa a lokacin zafi, mai SS kuwa, wato mai cutar sikilar kanta, sai da takardar likita. A tanadi ruwa mai tsabta a bakin fili, a tsayar da wasa na minti biyu ko uku a tsakiyar kowane rabi idan rana ta yi zafi. Yaron da ya galabaita a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, idan yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Idan ya fara sambatu ko ya suma, asibiti kai tsaye. Wanda ya bugu a kai, ya ji jiri ko amai ko ruɗewa, an gama wasansa na ranar, ko da ya rantse ya warke, kuma ba zai dawo ba sai likita ya duba shi. Saboda irin wannan haɗari ne hukumar ƙwallon Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015. Targaɗe a sa masa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Idan ana zaton karaya ce, kada wani ya ja ƙafar da sunan gyara, a tallafe ta da katako a tafi a ɗauki hoto. Kwamiti ya san tun kafin wasa wace mota ko Keke Napep za a yi amfani da ita, da asibitin da ya fi kusa, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko na Wusasa, ko asibitin koyarwa na Shika. Yaro mai tasowa da ke yawan kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige ba ragwanci yake yi ba, ƙashinsa ne ke girma, hutu yake buƙata. Idan aka ji tsawa a tashi daga fili, kuma ba a fakewa a gindin bishiya. Sannan a sa ido a kan ƙwayoyi: duk wanda aka kama yana ba yaro tramadol ko wani abin "ƙara ƙarfi" a kore shi daga gasar har abada, a kuma sanar da iyayen yaron.

Mataki na tara ya shafi dillalan 'yan wasa. Da zarar gasa ta yi suna, za a fara ganin baƙin fuska a bakin fili, masu cewa suna da hanya a Turai ko Dubai, a kawo kuɗin fom da na biza. An sayar da gonaki da filaye a kan irin wannan magana. Kwamiti ya sanar da iyaye abu biyu. Na ɗaya, sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai, kamar iyayensa su ƙaura can saboda wani abin da bai shafi ƙwallo ba. Na biyu, kulob na gaskiya da ke son yaro ba ya neman kuɗi a hannun ubansa. Duk mai son magana da ɗan wasa ya bi ta hannun kwamiti da iyaye, kuma kada a sa hannu a kan wata takarda sai wanda ya san doka ya karanta ta. Kociyoyi kuma su sani cewa rajista da hukuma da adana littafin 'yan wasa amfanin kansu ne, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa zuwa wata ƙasa ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23, kuma ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da hanyar neman wannan haƙƙi. Hanyar da ta fi tabbas ga yaro mai hazaƙa ita ce wasannin makarantu, da gasannin ƙungiyar wasannin matasa ta Nijeriya, wato YSFON, irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano, yana yi yana karatunsa. Don haka a sa cikin doka cewa yaron da malaminsa na boko ko na allo ya kawo ƙarar yana fashin karatu zai huta wasa ɗaya.

Mataki na ƙarshe rufe kaka ne. A yi ƙaramin biki, kowane yaro ya sami takardar shaida, a kuma ba da kyauta ga ƙungiyar da ta fi ladabi, wato wadda ta fi ƙarancin kati da ƙorafi, daidai da darajar kyautar wanda ya fi zura ƙwallo. Cikin mako biyu ma'aji ya karanta lissafin kuɗi a gaban kociyoyi da wakilan iyaye da mai unguwa, a manna kwafi a inda kowa zai gani. A aika takardar godiya ga makarantar da ta ba da fili, a gyara duk abin da aka lalata mata. Sakatare ya ƙirga yara nawa aka yi wa rajista da nawa suka kai ƙarshen gasa, a bi sawun waɗanda suka daina zuwa a ji dalili daga bakinsu, domin amsarsu ce za ta nuna dokar da ke buƙatar gyara. Sannan a tattara littafin rajista da rasitai da ragowar kayan wasa a hannun mutum guda da aka amince da shi, a tsayar da ranar zaman farko na kaka mai zuwa kafin a tashi.